Tausa a Matsayin Hanyar Kula da Lafiyar Kare: Amfaninta da Iyakokinta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan tausar da ake yi wa kare domin lafiyarsa. Ta duba ma'anar tausa da rabe-rabenta, da taƙaitaccen tarihinta, da yadda take aiki a jikin dabbar. Ta kawo abin da binciken kimiyya ya tabbatar, ta kuma bambanta shi da abin da ake faɗa ba tare da hujja ba. Maƙalar ta nuna cewa tausa tana rage zogi, tana kwantar wa kare da hankali, tana kuma taimaka wa mai shi ya gano cuta tun ba ta yi nisa ba. Sai dai ba ta maye gurbin likitan dabbobi, akwai ma halin da take cutarwa. A ƙarshe an dubi yadda wannan ilimi ya shafi masu karnukan farauta da na gadi a ƙasar Hausa.

Fitilun kalmomi: tausa, kare, tsoka, zogi, farauta

1.0 Gabatarwa

Kare dabba ce ta aiki. Shi ke koro zomo a dawa, shi ke tsaron garke da gona, shi ne kuma jami'an tsaro ke sa wa ya shinshino miyagun ƙwayoyi a filayen jiragen sama. Duk waɗannan ayyuka da tsoka da gaɓoɓi ake yin su, kuma tsoka tana gajiya, gaɓa tana ciwo. Matsalar ita ce kare ba ya iya faɗar inda ke yi masa ciwo. Yakan ci gaba da gudu yana ɓoye zogin, sai ranar da ɗingishi ya bayyana mai shi ya farga, alhali ciwon ya daɗe.

A ƙasashen Turai da Amurka, tausar kare ta zama wani reshe na gyaran jikin dabbobi, ana koyar da ita, ana kuma yin ta a asibitoci. Masu tallata ta sukan jingina mata fa'idoji barkatai, har wasu su nuna kamar babu cutar da ba ta warkarwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta tace waɗannan maganganu, ta ware tsaki da tsakuwa.

2.0 Ma'anar Tausa da Rabe-rabenta

A Hausa, tausa na nufin danna jiki da hannu ko matsa shi a hankali domin a kawar da gajiya ko ciwo. Kalmar tana da kusanci a lafazi da ma'ana da taushi da tausasawa. Bahaushe yakan kuma ce a tausa wane, ma'ana a lallashe shi har fushinsa ya sauka. Waɗannan ma'anoni biyu, wato sassauta jiki da sanyaya zuciya, su ne daidai abin da ake nema idan ana yi wa kare tausa.

Tausar zamani ta ginu ne a kan wasu 'yan dabarun hannu, kuma kowace tana da kalmar da ta dace da ita a Hausa:

i. Shafa: jan tafin hannu a hankali bisa kwanciyar gashi. Da ita ake buɗewa, da ita ake rufewa.

ii. Matsa ko cuɗa: kama tsoka a ɗaga ta kaɗan, a matse, a saki, kamar mai cuɗa ƙullu. Ana yin ta a wurare masu nama kamar cinya da wuya.

iii. Murza: ɗora kan yatsa a wuri guda a riƙa juya shi, musamman inda tsoka ta ɗaure ko inda tabo ya manne.

iv. Bubbuga: bugun jiki sama-sama da gefen hannu ko da yatsu domin a zaburar da tsoka.

v. Lanƙwasa da miƙarwa: motsa gaɓa a hankali iya inda take kaiwa ba tare da tilastawa ba. Wannan ba tausa ba ce tsantsa, amma tare suke tafiya a wajen masu gyaran jiki.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Yi wa kare tausa ba sabon abu ba ne. A ƙarni na 2 na Miladiyya, marubucin nan Bagirke mai suna Ariyan ya rubuta littafi a kan farautar zomo da karnuka masu gudu. A ciki ya shawarci mafarauci da ya riƙa murza jikin karensa baki ɗaya kamar yadda ake yi wa doki, domin a ganinsa hakan na ƙarfafa gaɓoɓi, yana gyara gashi, yana kuma tsaftace fata.

Tsarin tausar zamani kuwa ya samo asali ne daga Turai a ƙarni na 19. Ana yawan danganta shi ga Per Henrik Ling, ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya kafa makarantar motsa jiki a Stockholm a 1813. Amma likitan nan ɗan ƙasar Holan, Johann Georg Mezger, shi ne aka fi jingina wa sunayen Faransancin da ake kiran dabarun da su har yau. Daga jikin mutum aka mayar da dabarun kan dawakin tsere. Jack Meagher, Ba'amurke, ya yi suna da tausar dawakin tawagar ƙasarsa a gasar Olamfik ta 1976 a Montreal. Daga dawaki ne sana'ar ta gangaro kan karnukan tsere da na aiki, sannan kan na gida.

A Ingila doka ta yi wa sana'ar linzami. A ƙarƙashin dokar likitocin dabbobi ta 1966 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta, mai gyaran jiki ba zai yi wa dabba marar lafiya aiki ba sai likita ya fara duba ta ya ba da izini. Hikimar wannan sharaɗi za ta bayyana a sashe na 7.0.

4.0 Ƙirar Jikin Kare

Domin a fahimci amfanin tausa, sai an san yadda jikin kare yake. Idan kare yana tsaye, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake, sauran a kan na baya. Abin lura shi ne, ƙashin nan da ke haɗa kafaɗa da ƙirji a jikin mutum, a jikin kare ɗan guntu ne da ba ya riƙe komai. Saboda haka tsoka ce kawai ke ɗaure da allon kafaɗarsa a jikin gangar jiki. Wannan ƙira tana ba shi dogon taku da sauri, amma duk lokacin da ya yi tsalle ya dira, ko ya ja birki a guje, tsokokin kafaɗa da wuya ne ke shanye bugun.

Abu na biyu shi ne, kare mai ƙafa huɗu yana iya sauke nauyi daga ƙafar da ke ciwo ya ɗora wa sauran ukun ba tare da an lura ba. Karen da ƙugunsa ke ciwo yakan tura nauyinsa gaba. Bayan 'yan watanni kafaɗa da gadon baya sai su sage, su ma su fara nasu ciwon. Da haka ciwo ɗaya ke haifar da uku. A wannan gaɓa ce tausa ta fi tasiri: ba ta gyara ƙashin da ya lalace, amma tana sassauta tsokar da ke ɗaukar kayan da ba nata ba.

5.0 Amfanin Tausa ga Kare

5.1 Rage Zogi

Kowa ya san cewa idan mutum ya buge gwiwar hannu, nan take yake kai ɗaya hannun ya murza wurin, zafin kuma ya ragu. A 1965, Ronald Melzack da Patrick Wall suka fito da ra'in da ya bayyana dalilin haka, wanda ake kira ra'in ƙofar zogi. Bisa wannan ra'i, saƙon zafi da saƙon taɓawa suna haɗuwa a cikin laka kafin su isa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon taɓawa sun fi kauri da sauri, don haka idan aka motsa su sai su tare wa saƙon zafi hanya. Tsarin lakar kare bai bambanta da na mutum ba ta wannan fuska.

Wannan ya fi amfanar tsofaffin karnuka masu amosanin gaɓɓai, cutar da ke cinye guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. Ƙiyasin da aka daɗe ana ambatawa a fagen likitancin dabbobi shi ne, kare ɗaya cikin biyar da suka haura shekara guda yana da wannan cuta. Ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa ta da magani, da rage ƙiba, da motsa jiki daidai gwargwado. Tausa tana shigowa ne a matsayin ƙari a kan waɗannan.

A 2021, mujallar Veterinary Record ta buga wani bincike da masana daga Jami'ar Winchester suka gudanar tare da wata ƙungiyar masu tausar karnuka a Ingila. An duba bayanan karnuka 527 da aka yi wa tausa, aka auna alamomin ciwo ta fuskoki biyar: tafiya, da tsayuwa, da harkokin yau da kullum, da hali, da kuzarin aiki. Sakamakon ya nuna alamomin suna raguwa daga zama zuwa zama.

5.2 Kwantar da Hankali

A nan ne hujja ta fi ƙarfi. W. Horsley Gantt, wanda ya yi karatu a wurin Pavlov kafin ya kafa ɗakin gwaji a Jami'ar Johns Hopkins, ya lura cewa bugun zuciyar kare yana sauka idan mutum ya shafa shi. Shi da abokan aikinsa sun wallafa wannan a 1966.

A 1998, Michael Hennessy da abokan aikinsa sun gwada abin a kan karnukan da ke tsare a gidan ajiye dabbobi a Amurka. Ɗibar jini yakan tayar da kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgita. Sun gano cewa shafa kare na minti 20 ya hana sinadarin hauhawa bayan an ɗibi jinin. Wani abin sha'awa shi ne, a gwajin da ya gabata mata sun fi maza samun nasara. Da aka koya wa mazan su yi shafar irin ta matan, a natse da sanyin murya, sai bambancin ya gushe. Ke nan sirrin yana ga yadda aka sa hannun ne.

A Afirka ta Kudu kuma, Odendaal da Meintjes sun nuna a 2003 cewa idan mutum ya zauna da kare yana shafa shi yana yi masa magana, hawan jini yana sauka a jikin su biyun. Haka nan oksitosin da endofin, sinadaran shaƙuwa da rage zafi, suna ƙaruwa. Wannan yana da muhimmanci domin tsoro da zogi suna ciyar da juna: kare mai tsoro yana ɗaure tsoka, ɗaurarriyar tsoka kuma tana ƙara ciwo.

5.3 Farfaɗowar Tsoka da Rage Kumburi

Jini yana da zuciya mai tura shi. Ruwan limf, wanda ke kwashe dattin da ke tsakanin ƙwayoyin jiki, ba shi da irin wannan famfo, motsin tsoka ne ke tafiyar da shi. Karen da ya kwanta jinya bayan tiyata ba ya motsi, sai ruwa ya taru ƙafa ta kumbura. Shafa mai sauƙi daga dagi zuwa sama, wajen gangar jiki, tana taimaka wa ruwan ya koma hanyarsa. Lanƙwasa gaɓa da miƙar da ita kuma suna hana ta sagewa.

Akwai wata magana da ta yaɗu cewa tausa tana fitar da sinadarin laktik daga tsokar da ta gaji. Wani bincike da aka yi a Jami'ar McMaster ta Kanada, aka buga a 2012, bai goyi bayan haka ba. An sa samari 11 sun tuƙa keke har suka galabaita, aka yi wa ƙafa ɗaya tausa ta minti 10 aka bar ɗayar, sannan aka yanko ɗan ƙwayar tsoka daga kowace aka duba. Tausar ba ta taɓa laktik ba, amma ta rage saƙonnin da ke haddasa kumburi a cikin ƙwayoyin tsoka. A kan mutane aka yi wannan bincike, don haka ishara ce kawai game da kare.

5.4 Gano Cuta da Wuri

Wataƙila wannan ita ce fa'idar da ta fi kowace tabbas, kodayake ba a cika ambatonta ba. Wanda ke bin jikin karensa da hannu kowane mako ya san yadda jikin yake a lokacin lafiya, don haka shi zai fara jin sauyi. Gashi yana ɓoye wa ido abubuwa da yawa da ba ya ɓoye wa yatsa: kaska a bayan kunne, ƙaya a tsakanin yatsun dagi, kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi, ƙari a nonon karya, wuri mai ɗumi fiye da kima, ko cinya ɗaya da ta fara ramewa ta bar 'yar'uwarta. Ƙarin da aka gano yana kamar ƙwayar gyaɗa ya fi sauƙin cirewa a kan wanda ya kai girman lemo. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

6.0 Nauyin Hujjojin

Wajibi ne a auna waɗannan sakamako da adalci. Binciken karnuka 527 da aka ambata ba shi da rukunin kwatance, wato karnukan da ba a yi musu tausa ba da za a gwada da su. Sannan masu karnukan da masu tausar su ne suka ba da makin, kuma dukansu suna fatan ganin sauƙi. An san cewa mai dabba yakan ga kamar ta samu sauƙi ko da abin da aka ba ta ba magani ba ne.

A 2022, Anna Bergh ta Jami'ar Nazarin Aikin Gona ta Suwidin da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi a kan tausa da miƙar da gaɓoɓin dawaki da karnuka da kyanwoyi. Sun iske cewa ayyukan kaɗan ne, galibinsu a kan dawaki, kuma da yawa tsarinsu yana da rauni, ta yadda ba za a yanke hukunci mai ƙarfi da su ba. Abin da za a iya faɗa shi ne: natsuwar da taɓawa ke kawowa an auna ta a jini da bugun zuciya, rage zogi yana da dalili mai ma'ana da shaida matsakaiciya, da'awar cewa tausa tana fitar da guba ko tana warkar da cututtukan ciki kuwa ba ta da madogara.

7.0 Inda Tausa Ke Cutarwa

Ba a yi wa kare tausa idan yana zazzaɓi. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai a ma'aunin Salshiyas. Ba a taɓa inda ake zaton karaya ko tsagewar ƙashi ko gocewarsa, ko buɗaɗɗen rauni, ko ƙurji mai mugunya, ko sabon kumburi mai zafi, ko kan ƙarin da ba a san irinsa ba. Ba a murza inda maciji ya sara, domin hakan na gaggauta yaɗuwar dafi. Karen da ƙafafunsa na baya suka mutu farat ɗaya yana iya kasancewa da rauni a laka, juya shi ma haɗari ne. Dalilin da ya sa dokar Ingila ta gabatar da likita ke nan: ɗingishin gajiyar tsoka da na tsagewar ƙashi kama ɗaya suke yi wa ido.

Haka kuma, kare yana da hanyar cewa ya isa. Idan ya kawar da kai, ko ya riƙa lasar leɓe, ko hamma, ko ya sandare, ko ya kwantar da kunnuwa, ko ya fara gurnani, sai a janye hannu. Kare mai jin ciwo yana iya cizon ubangidansa. Ana farawa ne daga wuya da kafaɗa, a wuri marar hayaniya, na 'yan mintuna, ba a danna kan ƙashin baya ko ciki, ba a kuma yi da zarar ya gama cin abinci.

8.0 Tausa da Karen Ƙasar Hausa

Bahaushe ba baƙo ba ne ga tausa. Ungozoma tana yi wa jariri ita lokacin wanka, maɗori yana lalube da yatsa kafin ya ɗaure karaya, ana kuma gasa targaɗe da ruwan ɗumi. Haka nan ba baƙo ba ne ga karen aiki. Bayan an kawar da amfanin gona, mafarauta sukan fita da karnukansu su wuni suna gudu a busasshiyar ƙasa mai ƙaya da ƙarangiya. A arewa kuma, a yankin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, Buzaye suna kiwon siririn karen nan mai dogayen ƙafafu da duniya ta sani da sunan yankin. Da ido da gudu yake farauta, kamar karnukan da Ariyan ya yi rubutu a kansu.

Ta fuskar addini, shari'a ta halatta riƙe kare domin farauta da tsaron dabbobi ko gona, kuma Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kodayake wasu mazhabobin sun saɓa. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne. Kula da lafiyar karen da ke yi wa mutum aiki ba ta fita daga wannan da'ira ba.

Sai dai akwai sharaɗin da ya fi nauyi a wannan yanki fiye da Turai, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma cizon kare ne silar kusan duka. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Don haka allurar rigakafi ita ce gaba da komai, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu samar da ita a Nijeriya. Ba a kai hannu jikin karen da ba a sani ba, ko wanda halinsa ya sauya farat ɗaya, ko mai dalalar da yawu. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya garzaya asibiti.

Ga mafaraucin da ke nesa da asibitin dabbobi, abin da zai fi amfanarsa ɗan kaɗan ne: ya bi jikin karensa da hannu bayan kowace fita, ya cire ƙaya da kaska, ya sassauta kafaɗa da cinya, ya hutar da mai ɗingishi. Ya kuma guji ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, domin yana iya huda masa ciki ya lalata ƙoda.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tausa tana da gurbi na gaskiya a kula da lafiyar kare, amma gurbin mataimaki ne. Tana sassauta tsokar da ta ɗauki nauyin gaɓa mai ciwo, tana saukar da tsoro, tana kuma mayar da hannun mai kare ya zama ma'aunin farko na lafiyar dabbarsa. Ba ta ɗora karaya, ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta hana haukan kare. Ga masu nazarin Hausa kuwa, akwai aikin da ke jira: harshen yana da shafa da matsa da murza da lailaya da gashi, kalmomin da suka isa a isar da wannan ilimi ga masu karnuka da harshensu. Tattara yadda mafarauta ke jinyar karnukansu, da kalmomin da suke amfani da su, zai amfani fagen nazarin al'ada da na likitancin dabbobi baki ɗaya.